Injin da Don Tello Ya Bari Ya Ƙone

Duk wanda ya taɓa zama a Gidan Tantabaru ya san Don Tello, ko yana so ko ba ya so. Sunansa na takarda Eleuterio Cuevas, amma rabon da a kira shi da shi tun ranar aurensa, ranar ma sai da Fada ya yi tuntuɓe a tsakiyar sunan. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kansa tal, sai 'yan tsirarun gashi a bayan kunne da yake shafa wa mai kamar yana jiran su hayayyafa. Aljihun rigarsa ba ya rabuwa da abin gwada wuta da guntun fensir, ƙugunsa kuwa tarin makullai, kafin ka gan shi ka ji shi.

Gidan Tantabaru bene ne mai hawa goma a nan Santo Domingo, gwamnati ta gina wa ma'aikatanta tun muna da haƙoranmu cif. Sunan da aka liƙa a ƙofa daban ne, haruffan sun zube tuni, sai wanda 'yan acaba suka raɗa masa saboda yawan tagogi da yawan kawunan da ke leƙowa. Don Tello bai taɓa aikin gwamnati ba. Matarsa ce, Doña Ercilia, ta shekara talatin tana cusa wa 'ya'yan mutane lissafi, aka ba ta gida a hawa na bakwai mai kallon teku. Shi ya sa mazan da ke buga domino a ƙofar gida suke cewa Tello ba mace ya aura ba, baranda ya aura. Shi kuma ya ce barandar ta fi su aikin yi, ko ba komai ana shanya a kanta.

A San Pedro de Macorís aka haife shi, tsakiyar gonakin rake. Sana'ar ya koye ta a wata masana'antar sukari, a ɗakin da ake sake naɗa wayar injunan da suka ƙone, hannun wani tsoho mai ido ɗaya, Maestro Fulgencio. Tsohon nan ba ya koyarwa da baki sosai, da hanci yake koyarwa. Sai ya kama ƙeyar mutum ya kai fuskarsa jikin inji, ya ce, "Shaƙa. Inji ba ya mutuwa sai ya faɗa maka. Wanda ya bari inji ya ƙone a gabansa ya koma saran rake." Abin da Tello ya tashi da shi ke nan: kowane inji a sa masa fis daidai ƙarfinsa, da ya fara zafi wuta ta yanke, inji ya tsira. Har tsufansa yana tafe a titi sai ya tsaya cak, ya ɗaga hanci, ya ƙwanƙwasa gidan mutanen da bai sani ba ya ce fankarsu tana shirin cikawa. An zage shi, an kuma gode masa, wani lokacin gida ɗaya.

Da ya zo babban birni ya sami aiki a wani babban kantin yadi mai hawa huɗu. Nan ya ga abin da ya sauya masa tunani. Da tsakar rana gobara ta tashi a ɗakin ajiya. Mai gadi, bawan Allah, ya yi abin da uwar kowa ta koya masa: ya ruga ya kashe babban makunnin lantarki na ginin. Ashe injin da ke tura ruwan kashe gobara a bayan wannan makunnin yake shan wuta. Mesar da suka jawo ta yi tofi sau biyu ta kwanta. Ba a rasa rai ba, amma wata mai ɗinki ta diro daga hawa na uku, ba ta ƙara takawa ba. Tello na tsaye da mesa a hannu, babu ko ɗigo. Ba ya son ba da labarin nan. Sau ɗaya Doña Ercilia ta ba mu shi, ta kuma ce kada mu tambaye shi.

Saboda haka ranar da ƙungiyar mazauna Gidan Tantabaru ta ɗauke shi mai kula da wutar gida, shekara ashirin da shida ke nan, bai fara da ƙwayayen fitilar da kowa ke kuka a kansu ba. Ƙarƙashin bene ya sauka, inda injin ruwan gobara yake zaune kan tankin siminti, ja wur, ƙura ta rufe shi, wata ma ta mai da shi wurin ajiye tukwanen fure. Ya yi wata biyu yana fasa daɓe. Ya jawo wa injin layinsa shi kaɗai, tun daga inda wayar kamfani ke shigowa, kafin ta kai babban makunni, ya zura ta a bututun ƙarfe ya binne da siminti ta bayan gini, yadda ko gidan ya kama ba za ta narke ba. Ya jawo layi na biyu daga janareta. Sannan ya yi abin da da Maestro Fulgencio na raye sai ya mare shi: ya cire ƙaramin fis ɗin da ke kare injin daga zafi, ya jefa a kwandon shara.

"Duk injin duniya ana kare shi," in ji shi, ga duk wanda ya yi kuskuren tambaya. "Wannan shi kaɗai ne ba a karewa. Ranar da ya tashi aiki, ya yi ta yi har ya mutu."

Akwatin makunnin ya shafe shi da jan fenti, ya kulle shi da kwaɗo a kunne, ya rubuta a jiki da hannunsa mai kama da tafiyar kaza: Kada a kashe, ko mahaifiyarka ce ta aiko ka.

Kowace Asabar ƙarfe goma na safe yakan tada injin minti goma. Ginin ya ɗauki ruri, bututai su yi ta rawa a bango, kofunan kofi su yi ta kaɗawa a kan tebur. Mu muka sa masa suna Jar Saniya. Bayan gwajin sai Don Tello ya bi hawa-hawa yana buɗe akwatunan mesa, yana fitar da tsintsiya da takalman da aka ɓoye a ciki, yana neman wanda zai koya wa riƙo. Maza suka ce su ba 'yan kwana-kwana ba ne, suka koma kan domino. Mu mata tsofaffi ne muka tsaya, rabi don tausayi, rabi don a sami abin dariya. Haka ya koya mana yadda ake warware mesa, da yadda ake kafa ƙafa, da cewa mutum uku ake so a baya, don idan ruwa ya zo ba ya tambayar shekarun kowa.

To, ga inda gardama take. Wutar garin nan kowa ya san halinta, ta zo ba sallama ta tafi ba sallama. Wata rana awa uku, wata rana tun safe har la'asar. Janaretan gidan kuwa ɗan tsoho ne, ƙarfinsa iyakar Jar Saniya da fitilun matakala. Da an ɗauke wuta lifta ta tsaya. Muna da ƙuruciya ba mu damu ba, mu hau mu sauka muna hira. Sai shekaru suka zo suka zauna a gwiwoyinmu, suka fi zama a na Doña Ercilia. Tun tana sauka da hutu uku, ta koma hutu a kowane hawa, har ta kai matakala ta gagare ta gaba ɗaya. Idan akwai wuta ita ce a kasuwa, ita ce a coci. Idan babu, sai baranda da teku.

Ta daure, don mace ce mai girman kai, irin malaman da. Abin da ya fasa haƙurin shi ne rasuwar ƙawarta, wadda ta riƙe mata ɗiya ranar baftisma. Ƙarfe biyu za a yi jana'iza. Ta yi wanka, ta sa baƙaƙen kaya, ta ɗauki jaka da carbinta, tana sa hannu a maɓallin lifta aka ɗauke wuta. Ta jawo kujera ta zauna a bakin liftar. Awa huɗu tana zaune, jaka a cinya. Da wutar ta dawo an riga an rufe kabari, har an fara rabon kofi.

Ran nan ba ta yi faɗa ba. Taron mazauna gida na gaba ta aika da takarda, rubutu tsaf babu gyara: a mai da lifta kan janareta.

Shugaban ƙungiya Lauya Pichardo ne, na hawa na tara, mutum mai tumbi da turare, wanda ko gaisuwa zai yi sai ya gyara murya. Shi ma ya gaji da hawa tara da jakar takardu. Ya karanta takardar a tsakar gida, ya naɗe ta a hankali, ya dubi Don Tello.

"Maestro, ka ji daga bakin wa ta fito. Ba ni na faɗa ba."

"Na san rubutun, Lauya. Da shi ake aike na kasuwa."

"To me za ka ce?"

"Janaretan ba ya ɗaukar biyu. Jar Saniya idan za ta tashi, ninki shida na abin da take ci take fizga lokaci guda. In lifta na kan layin, su biyun za su durƙushe."

Daga baya wani ɗan domino ya ce, "Compadre, abokina, shekara nawa saniyar nan tana cin dizal ɗinmu? Ko kofi ɗaya na nono ta taɓa ba mu?"

Aka yi dariya. Lauya ya bari ta lafa.

"Mu yi magana ta hankali. Gobara sau nawa aka yi a gidan nan?"

"Ba a yi ba."

"Ɗauke wuta fa?"

"Kullum."

"To ka ga. A sa wani abu mana, in injinka zai tashi lifta ta yanke da kanta. Ai an ce ana yi."

"Ana yi. Ta yanke tsakanin hawa na biyar da na shida, hayaƙi na hawa ta raminta kamar bututun murhu. Wa ke ciki a lokacin, Lauya? Kai kana da ƙafa. Wadda ba ta da ƙafa ita ce a ciki."

Amma wannan bai hana ɗaga hannu ba. Mutum ya hau bene tara da buhun shinkafa, ka zo kana ba shi labarin hayaƙin da bai gani ba? Aka kaɗa ƙuri'a. Ko Don Tello ya mai da lifta kan janareta kafin ƙarshen wata, ko a karɓi makullai a ba wani. Mu da ya koya wa riƙon mesa ma, kada a yi ƙarya, da yawanmu mun ɗaga, muna kallon ƙasa.

A gida abin ya fi ciwo. Doña Ercilia ba mai zagi ba ce, ta fi ƙarfin haka. Da safe ta ajiye masa dakakkiyar ayabarsa babu soyayyar albasa a kai, abin da ba ta taɓa yi ba cikin shekara talatin da takwas da aurensu. Ya dubi kwanon, ya dube ta.

"Tsohuwa, albasa ta ƙare ne?"

"Tana kanti. Kantin yana ƙasa."

"Ai da kin faɗa na sayo."

"Kai dai je ka gai da saniyarka. Ita ba ta san hawa bakwai ba."

Ya ci haka nan. Ya yi ta lissafi a bayan takardar magani da guntun fensirinsa, ko akwai dabarar da ta ɓace masa, lissafin ya ƙi canzawa. Ya ce zai goya ta duk ranar da take son fita. Ta kalle shi sama da ƙasa, da shekarunsa sittin da huɗu da bayansa mai ƙara, ta ce ba ta shirya takaba ba. Kwanaki suka yi ta tafiya. Makullan ƙugunsa ma kamar sun rage kuka.

Saura kwana uku wata ya ƙare, ranar Alhamis da hantsi, Doña Casilda ta hawa na biyar tana gugar labulen da aka ba ta ɗinki. Aka ɗauke wuta. Ta yi tsaki, ta kifa dutsen gugar a kan labulen yadda yake, ta ce bari ta yi amfani da lokacin ta leƙa kasuwa. Wa ke tuna zare waya idan babu wuta? Dukanmu mun yi, Allah ne ya rufa mana asiri. Tana wajen masu kifi aka kawo wutar, unguwa ta ɗauki sowar da aka saba, rediyoyi suka farka, injin markaɗe ya kama a kowane gida. Minti ashirin aka sake ɗaukewa. Minti ashirin ɗin ya ishi dutsen guga. Labule ya ba katifa, katifa ta ba kabad ɗin yadi.

Don Tello na ƙofar gida yana canza ƙwan fitila sai ya tsaya, ya ɗaga hanci. Kafin wani ya ce gobara shi ya riga ya sauko daga tsani. Ya ɗaga kai: baƙin hayaƙi na fita ta tagar hawa na biyar, yana lasar barandar na shida, yana miƙewa zuwa inda rigunansa ke shanye. Ƙafarsa ɗaya ta nufi matakala. Sai ya juya ya gangara ƙasa.

Janareta ya riga ya tashi da tarinsa. A sama, Doña Chencha ta hawa na shida, mai shekara saba'in da biyar da bakin da ya fi na kowa, ta fasa akwatin mesa da taɓaryar daka tafarnuwa, ta tara mu, ta murɗa famfo. Jar Saniya ta yi gurnani ta tashi, janareta ya durƙusa, wuta ta yi ƙasa, ƙarfen da ke haɗa layi a cikin jan akwatin ya saki. Ta sake yunƙurawa, ya sake saki. Mesar da ke hannunmu ta yi tofi ta kwanta.

A jikin akwatin akwai wani hannun ƙarfe na ranar tsiya, wanda ake ja a haɗa layin da ƙarfin tuwo, a maƙale shi da ƙugiya. Don Tello ya ja. Injin ya kama, ya miƙe da ruri. Ya kai ƙugiyar zai maƙale, ta karye a yatsunsa kamar busasshen biskit. Iskar teku ta cinye ta ta ciki, fenti ya rufe, shi da kansa ya shafa fentin. Shekara ashirin da shida yana duba komai, ban da wannan. Ya tsaya da hannun ƙarfen a dama. Idan ya saki, ruwa ya yanke. Ercilia na hawa na bakwai, hawa biyu kacal a saman wutar, a kan gwiwoyin da ba sa sauka.

'Yan domino tuni suna tsallaken titi suna nuni da yatsa. Wanda ya shigo ɗakin injin shi ne Lauya Pichardo, da singileti, yana haki.

"Maestro, na kashe babban makunni, na kashe komai. Wannan me ya sa yake yi?"

"Don ba ya bin ta can."

"Yana wari fa. Dubi, hayaƙi yake. Za ka ƙona mana inji."

"Don haka aka saye shi."

Lauya ya miƙo hannu wajen jan akwatin. Don Tello bai ɗaga murya ba.

"Bienvenido, in ka taɓa, sai na fasa maka kai da filayar nan, in ya so ka kai ni kotu, ka san hanya. Hau sama. Ka ce wa matata ta jiƙa tawul ta toshe ƙofa, ta zauna kusa da taga. In ba ka iya kaiwa ba, ka kama wa matan nan mesa."

Ba a taɓa kiran Lauya da sunan yanka a gidan nan ba. Ya hau. Bai kai hawa na bakwai ba, hayaƙi ya tare shi a na biyar, Doña Chencha ta ce, "Zo nan, ɗana, tumbin nan yau zai yi rana," ta sa shi a wutsiyar mesa. Ya riƙe kuwa, ba za a hana shi wannan ba.

A ƙasa, wutar janaretan ba ta cika ba, inji kuwa idan wuta ta yi masa ƙaranci zafi yake yi. Warin ya fara da na ƙura mai ɗumi, ya koma na fenti, ya koma wancan ɗaci-ɗacin na naɗin waya idan ta fara dahuwa, warin da tun yana saurayi ko a barci ya ji shi sai ya tashi da gudu. Duk jikinsa na ce masa saki. Hannun ƙarfen ya ɗau zafi, ya naɗe shi da hularsa, hular ta fara ƙauri, ya canza hannu, ya dawo da na dama don hagun ba ƙarfi. Bai san abin da ake ciki a sama ba. Ba taga a ɗakin. Allurar da ke nuna ƙarfin ruwa kawai yake kallo, yana yi wa injin magana ƙasa-ƙasa, yadda ake lallashin dabba: "Ƙara kaɗan, 'yar gari. Ƙara kaɗan."

Minti arba'in. Motar 'yan kwana-kwana ta maƙale a cunkoson azahar, da ƙyar 'yan acaba suka buɗa mata hanya. Ko da suka iso, wutar ba ta fita daga gidan Doña Casilda ba, mun tsare ta a bakin ƙofa, mun jiƙe sharkaf, rigunan zaman gida sun manne mana a jiki, abin da bai kamata kowa ya gani ba. Suka haɗa motarsu da bututun waje suka karɓi aikin. Ba a yi minti biyu ba Jar Saniya ta yi wata ƙara, ta tofar da shuɗin hayaƙi, ta yi shiru. Sai da wani ɗan kwana-kwana ya ɓamɓare yatsun Don Tello daga ƙarfen ɗaya bayan ɗaya.

Bai tsaya a duba hannun ba. Ya hau bakwai ɗin, ruwa na gangarowa ta matakala yana shiga takalmansa. Ƙofarsu a toshe da jiƙaƙƙen tawul, ba wanda ya gaya mata, ai ta sha jin karatun Asabar ta cikin bango. Ya same ta a kicin, kan kujerar lilo, fuska duk baƙin hayaƙi, tafin hannunta a jikin bangon da babban bututu ya bi.

"Ba ka zo ba," in ji ta.

"Ban zo ba."

"Sau biyu saniyarka ta tsaya da farko. Na ce shi ke nan, tsohon nan ya bar ta ya taho, mu mutu tare a matakala kamar wawaye. Da na ji ta kama ba ta ƙara saki ba, na ce yauwa, yana can." Ta sauke hannun daga bangon. "Yanzu fa? Na ji shiru."

"Ta ƙone."

"A gabanka?"

"A hannuna."

"Mu gani." Ta kama hannun, ta juya shi, ta daɗe tana kallo. "Wawa. Ba safar hannu a duk tarkacen nan naka?"

Kada a ɗauka washegari an yi masa biki. Na hawa na huɗu sun zo da ƙorafin ruwa ya lalata musu kujeru, na uku suka ce talabijin. Doña Casilda ta yi sati tana kuka tana rantsuwa ta zare wayar, har ta gaji ta daina rantsuwar. Wata ya ƙare, ba wanda ya zo karɓar makullai, ba kuma wanda ya ce an fasa. Hukuncin na nan a rubuce.

Ranar taro aka ɗauke wuta, kamar da gayya. Ana shirin farawa sai ga saƙo daga hawa na bakwai: Doña Ercilia na son maza huɗu. Aka sauko da ita a kan kujerar lilonta, 'yan domino uku da Lauya, suna nishi, tana gyara musu tafiya a kowace kwana. Aka dire ta a tsakar gida. Ta buɗe jaka ta sa tabarau.

"Takardata nake so, Lauya."

Ya miƙa mata. Ta ninke ta ta sa a jaka.

"Na janye. Janareta na saniya ne. Wanda bai yarda ba ya ɗaga hannu in gan shi, yawancinku na san makin da kuka ci a ajina."

Ba hannun da ya motsa.

"Sai abu na biyu. Yanzu na gwada wata lifta, ba ta shan dizal, domino kawai take ci. Daga yau in an ɗauke wuta, ni ko Chencha ko duk wadda gwiwa ta hana, za mu leƙo ta baranda mu kira. Mutum huɗu. Ku tsara kanku."

"Doña, bayana fa," in ji wanda ya yi maganar nono.

"Bayanka ya shekara ashirin yana hutawa a ƙofar gidan nan, compadre. Ya isa."

Haka aka yi, haka ake yi har yau, da gunaguni da komai. Hannun Don Tello ya warke, amma yatsu uku ba sa lanƙwasuwa sosai, ba ya iya murɗa sukudireba da dama. Aka kawo injin aro aka ɗaura kafin a ga yadda za a yi. Shi kuwa ya ce Jar Saniya ba za ta tafi wajen 'yan gwangwan ba, da hannunsa zai sake naɗa ta, yadda aka koya masa a San Pedro. Sabuwar ƙugiya ya fara sawa, ta ƙarfen da ba ya tsatsa, bai kuma shafa mata fenti ba.

Naɗin ya ɗauke shi wata uku, don da hagu yake yi, kuma yakan manta inda ya tsaya. Shi ya sa kowace safiya ake sauko da kujerar lilo har ƙarƙashin bene. Doña Ercilia ta zauna gefen tankin da kwanon ayaba a rufe a cinyarta, albasa har tana zubowa, tana ƙirga masa zagayen wayar.

"Arba'in da ɗaya."

"Da biyu, tsohuwa."

"Da ɗaya. Warware ka gani."

Ya warware. Da ɗaya ne.